A Zuba ko a Yi Shiru? Lissafin Zama da Ɗan Burga a Teburin Karta



Da aka manna takardar sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ɗakin karatu, ya ce, "Malam, ashe yanzu caca za ka koya wa yara?" To, bari in fara da amsa masa a gabanku. Hukuncin caca sananne ne, yana nan a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, kuma ban zo in yi masa kwaskwarima ba. Ni malamin lissafi ne. Abin da ya kawo ni shi ne, akwai wani reshe na lissafi, watau nazarin dabarun wasa, wanda masana tattalin arziki da na siyasa da na yaƙi suke aiki da shi, kuma a kan teburin karta aka yanke masa cibiya. Don haka duk ƙidayar da za mu yi yau da tsinken ashana za mu yi ta, ba da kuɗin kowa ba.

Wasan da nake nufi shi ne wanda Amurkawa ke kira poker, mu kuwa bari mu ce masa foka. Bambancinsa da dara a fili yake. A dara kowa yana ganin gidaje da 'ya'ya, babu abin da ya ɓoyu sai tunanin abokin wasa. A foka kuwa kowa ya rufe kartarsa, kana yanke shawara ne alhali rabin labarin yana hannun wani. Wannan ne ya ja hankalin John von Neumann, masanin lissafi haifaffen Budafes ta ƙasar Hangari, wanda ya kafa tushen wannan ilmi a wata maƙala a 1928, sa'an nan shi da Oskar Morgenstern suka fitar da babban littafinsu a kan dabarun wasa da tattalin arziki a 1944. A cikin littafin nan sun ɓata shafuna masu yawa a kan foka.

Ga yadda irin da aka fi yi yake tafiya, a taƙaice. Karta 52 ce. Kowane ɗan wasa ana ba shi biyu a rufe. Sa'an nan a buɗe biyar a tsakiya waɗanda kowa ke tarayya a cikinsu: uku a tashi ɗaya, sai ta huɗu, sai ta biyar. Kafin buɗewar farko, da bayan kowace buɗewa, ana zagayen zubi. Idan layi ya zo kanka kuma babu wanda ya zuba kafin kai, zaɓinka biyu ne: ko ka zuba wani abu a tulin da ke tsakiya, ko ka ƙwanƙwasa tebur ka bar layi ya wuce ba ka zuba kome ba. Wannan na biyu shi zan riƙa kira shiru. In kuwa wani ya riga ya zuba, to, ko ka amsa da daidai abin da ya zuba, ko ka ɗora masa ƙari, ko ka janye ka bar abin da ka riga ka sa. Mutum yana cin tuli ta hanya biyu: ko kartarsa ta fi ta kowa in an buɗe a ƙarshe, ko kowa ya janye ya bar masa. Hanya ta biyun nan ita ce ƙofar burga, watau mutum ya zuba da yawa alhali hannunsa babu kome, don kawai ya tsorata ka.

To, tambayarmu ta yau: kana zaune da mutum mai zafin hannu, wanda ba ya barin zagaye ya wuce bai zuba ba, wanda da ya ji ka yi shiru sai ya yi tsalle ya hau ka. Layi ya zo kanka. Ka zuba ne, ko ka yi shiru?

Yawancin mutane da zuciya suke amsa wannan, ba da kai ba. Na san haka domin ni ma na yi. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje, muna da wani abokin zama a ɗakin kwana da muke wasan nan da shi da ashana a daren hutu. Mutumin nan ba ya shiru ko kaɗan. Ni kuwa sai abin ya zame mini na girman kai: in riga shi zubawa, don kada ya ce ina tsoronsa. Sai na lura kullum in na zuba da hannu matsakaici, in ba shi da kome ya janye, in ci ɗan abin da ke tsakiya. In yana da abin kirki ya ɗora mini ƙari, in rasa da yawa. Na ci ƙanana, na faɗi manya. Akwatin ashanata ya daɗe yana komawa gadonsa kafin in zauna da takarda in gano inda ɓarakar take.

Hanya mafi sauƙi ta ganin ɓarakar ita ce ƙaramin wasan da Harold Kuhn na Jami'ar Princeton ya tsara a 1950. Ya rage karta daga 52 zuwa uku kacal: Babba, da Tsakiya, da Ƙarama. 'Yan wasa biyu ne. Kowa ya sa ashana ɗaya a tsakiya, a ba kowa karta ɗaya, ta ukun a ajiye ta a rufe. Zubi kuwa ashana ɗaya ce tak, ba ƙari. Kai ne na farko. Ina roƙonku ku bi ni a hankali a nan, domin duk laccar tana cikin wannan ɗan wasa.

A ce Tsakiya ce a hannunka. Abokin wasanka ko Babba gare shi ko Ƙarama, rabi da rabi. In ka zuba, me zai faru? Mai Ƙarama zai janye, domin ya san ba ya cin kowa. Ka ci ashana ɗaya, wadda da ma taka ce ko ba ka zuba ba. Mai Babba kuwa zai amsa da murna, ka rasa biyu. Watau zubinka bai kori wanda ya fi ka ba, bai kuma tatsi wanda ka fi ba. A kan matsakaici kana asarar rabin ashana duk sa'ad da ka yi haka. Yanzu a ce ka yi shiru, kuma abokin naka ɗan burga ne na gaske, mai zubawa ko da Ƙarama. Ya zuba, ka amsa. In Babba ce ka rasa biyu, kamar dā. In Ƙarama ce kuwa, yanzu biyu ka ci maimakon ɗaya. Asarar rabin ashana ta koma babu ci babu asara. Kartarka ba ta sake ba. Abin da ya sake shi ne ka bar shi ya zuba maka kuɗin da ba zai taɓa ba ka ba in da kai ka nema.

A ce kuma Babba ce a hannunka. Nan kowa zai ce ai zubawa ta zama tilas. Ba tilas ba ne. In ka zuba, ƙarin ashana tana zuwa ne kawai in mai Tsakiya ya amsa. In ka yi shiru, ƙarin ashana tana zuwa ne in mai Ƙarama ya yi burga. Saboda haka abin da za ka auna abu biyu ne: sau nawa mutumin nan yake amsawa da hannu matsakaici, sau nawa kuma yake burga da hannun banza? Wanda ya fi yawa a cikinsu, shi za ka buɗe wa ƙofa. Kuhn ya nuna cewa ɗan wasan da ba ya kuskure yana yin kowanne sau ɗaya cikin uku, don haka a gabansa zubawa da shiru duk ɗaya ne ga mai Babba. Amma da zarar burgarsa ta wuce yawan amsawarsa, shiru ya fi riba. Wannan ba ra'ayina ba ne, ƙidaya ce, kowa na iya sake ta a bayan littafinsa.

Abin da von Neumann ya samu a nasa tsarin ya yi daidai da wannan, kuma ya ba mutane mamaki a lokacin: mai wasa daidai yana zubawa da hannunsa mafi kyau, yana kuma zubawa da mafi muni a matsayin burga, amma da na tsakiya shiru yake yi. Ashe burga ba rashin hankali ba ce, wajibi ce a cikin lissafin, sai dai tana da mudu. Laifin mai zafin hannu ba burgar ba ce, cika mudun ne har ya zube.

To, yaya za ka san mudun a wasa na gaske? A ce akwai ashana 100 a tuli, an buɗe karta ta ƙarshe, ka yi shiru, ya zuba 100. Kana sa 100 ne don ka ci 200. In ka ci sau ɗaya ka faɗi sau biyu, ka tashi babu riba babu asara. Saboda haka in burga ta wuce kashi ɗaya cikin uku na zubinsa a irin wannan wuri, amsawa ita ce daidai da duk hannun da ya fi na burga. In 50 ya zuba, kana sa 50 don ka ci 150, ɗaya cikin huɗu ya ishe ka. Ku duba kuma ta gefensa. Wanda ya zuba 100 a kan tulin 100 da hannun banza, yana bukatar ka janye sau ɗaya cikin biyu ne kawai ya fanshe. In kana janyewa fiye da haka, to, kowace irin karta ya riƙe riba yake ci. Sau da yawa wanda ke kukan an addabe shi da burga, shi ne ya yi kiwon ɗan burgar da hannunsa.

Bari in ba ku misalin da ya faru a idon duniya. Tun 1970 ake yin babbar gasar foka ta duniya a birnin Las Vegas na Amurka, kuma a shekarun farko a gidan Binion's Horseshoe ake yin ta. A 1988 mutum biyu suka rage a teburin ƙarshe: Johnny Chan, haifaffen ƙasar Sin da ya girma a Amurka, wanda shi ya ci gasar 1987, da wani saurayi daga New York, Erik Seidel, wanda a lokacin ba a san shi sosai ba. A hannun ƙarshe Chan yana riƙe da J da 9, Seidel yana da Q da 7. Aka buɗe uku na farko: Q, da 10, da 8. Seidel ya sami Q biyu, hannu mai kyau ƙwarai in mutum biyu ne kaɗai ke wasa. Chan kuwa ya sami jeri cikakke, 8, 9, 10, J, Q, wanda babu abin da ya fi shi a wannan lokaci. Chan ya zuba, Seidel ya ɗora ƙari. Nan Chan bai mayar da ƙari ba. Ya yi jim kamar mai shakka, sa'an nan ya amsa kawai. Aka buɗe ta huɗu, 2. Seidel ya yi shiru. Chan, da hannun da ya fi kowane hannu, shi ma ya ƙwanƙwasa tebur. Aka buɗe ta biyar, 6. Seidel ya tura duk abin da ke gabansa, Chan ya amsa nan take, ya ɗauki kambu karo na biyu a jere da dala 700,000. Fim ɗin Rounders na 1998 ya nuna hoton wannan hannu, shi ya sa ya yi suna haka.

Ana yawan ba da labarin nan kamar tatsuniyar gizo da ƙoƙi, mai wayo da wawa. Ni ban yarda da wannan ba. Seidel ba burgar banza ya yi ba, yana da abin da zai sa ya zaci shi ke gaba, kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan duniya. Abin lura shi ne tambayar da Chan ya yi wa kansa a karta ta huɗu. Ya riga ya ga saurayin nan yana da ƙarfin halin ɗora ƙari. In ya zuba da yawa yanzu, mai yiwuwa ya farkar da shi ya janye. In ya nuna rauni, mai yiwuwa shi da kansa ya kawo dukiyarsa. Ita ce dai tambayar Babba a wasan Kuhn: amsawarsa ta fi yawa, ko zubinsa? Kuma shirun nan ba kyauta ya yi shi ba. Da J ko 9 ta faɗo a ƙarshe, da tebur ya yi muni, ko dai wani jerin da ya fi nasa ya yiwu, ko Seidel ya tsorata ya ƙi zuba kome. Chan ya sayi damar cin duka da wannan haɗari.

Wannan ya kawo ni ga inda shiru yake zama kuskure, domin ba na so ku fita nan kuna cewa malam ya ce a riƙa shiru kullum. A wasan Kuhn karta ba ta sakewa. Babba Babba ce har ƙarshe. A wasa na gaske kuwa akwai kartar da ba ta zo ba tukuna, kuma tana iya juya kome. Alal misali, an buɗe huɗu, kana gaba, amma abokin wasanka yana da huɗu masu alama iri ɗaya, yana jiran ta biyar. Cikin karta 46 da bai gani ba, tara ne za su cika masa. Watau kusan sau ɗaya cikin biyar. In tuli 100 ne kuka yi shiru ku duka, ka ba shi kyautar abin da ya kai kimanin ashana 20. In ka zuba 50, sai ya biya 50 don neman 150, yana bukatar ɗaya cikin huɗu alhali ɗaya cikin biyar gare shi. Ko ya janye, ko ya saya da tsada. Saboda haka hannun da ke gaba amma yana da saurin lalacewa, kamar tumatir ne a kasuwar rana: sayar da shi ake yi yanzu.

Har ila yau wurin zama yana da muhimmanci. In kai ne na farko, shirunka gayyata ce, domin yana bayanka kuma zai iya zubawa a wannan zagaye; in ya zuba da hannun da yake jira, kana iya ma ɗora masa ƙari. In kuwa kai ne na ƙarshe kuma ya riga ya yi shiru, babu mai zuba maka. Shirunka ya rufe zagayen, karta ta gaba ta zo masa a banza. Irin wannan shiru na biyu shi Chan ya yi, kuma bai dace ba sai da hannun da kaɗan ne ƙwarai cikin karta za su iya ɓata shi.

Sa'an nan masu zafin hannu ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke farautar rauni: in ka yi shiru ya zuba, in ka zuba ya janye. Wannan shiru ne maganinsa. Akwai kuma wanda ba ya jure ganin wani ya zuba, sai ya ɗora ƙari don ya nuna shi ne mai teburin. Wannan in kana da hannu mai ƙarfi, zuba masa kaɗan ya fi, domin ƙarinsa zai ninka tuli fiye da yadda zubinsa kaɗai zai yi. Akwai kuma wanda ake ɗauka mai zafi ne alhali ba shi ba ne, yana dai cikin kowane hannu, yana amsa kome, amma ba ya fara zubi. Yi wa wannan shiru da hannu mai kyau zaman jiran gawon shanu ne. Kuma kada ku yi saurin yanke wa mutum hukunci. Wanda ya zuba sau biyar a jere, mai yiwuwa karta ce ta zo masa sau biyar a jere. Hannu goma ba su isa shaida ba.

Wani abu kuma da na'ura ta tabbatar. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka ba da sanarwar cewa manhajarsu, Cepheus, ta kusan warware nau'in wasan na mutum biyu mai ƙayyadadden zubi. A 2017 wata manhajar, Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh, hannu 120,000 cikin kwana 20, ta cinye su. Kwamfuta ba ta da girman kai, ba ta jin an raina ta. Irin waɗannan manhajoji ba su bin hanya ɗaya da hannu ɗaya: da hannu mai ƙarfi wani lokaci su zuba, wani lokaci su yi shiru. Dalili kuwa a fili yake. In duk sa'ad da kake da ƙarfi zubawa kake yi, to, shirunka ya zama shela cewa ba ka da kome, kuma duk mai hankali zai hau ka, ba sai mai zafin hannu ba. Sai ka ajiye wasu manyan hannuwa a cikin shirunka, kamar yadda ake barin kare a gidan da ba kowa, kafin shirun ya sami kwarjini.

Akwai wani ɓangare na lissafin nan da masu tallar caca a wayoyinku ba su faɗa. A ce ka auna daidai, burgarsa ta kai kashi 40 cikin ɗari, ka amsa zubin 100 a kan tulin 100. Shawararka daidai ce. Duk da haka sau shida cikin goma za ka faɗi, kuma faɗuwa huɗu ko biyar a jere ba abin mamaki ba ne. Ribar tana fitowa ne bayan ɗaruruwan hannuwa, ga wanda aljihunsa zai iya jure ramin da ke tsakani, kuma bayan mai gidan caca ya yanki nasa kason daga tuli. Ƙaramin ma'aikaci da ya zauna da kuɗin haya ba zai iya amsawar da lissafi ya ce ya yi ba, domin faɗuwa ɗaya ta isa ta kore shi daga gida. Sai ya riƙa janyewa fiye da rabi, watau ya zama ainihin abincin ɗan burga. Dabarar da na bayyana muku ta mai yalwa ce, ba ta aiki a hannun mai tsoron asara, kuma mai albashi dole ya ji tsoron asara.

Shugaban taro yana duban agogo. Ga aikin gida, ga wanda yake so. Ku yanki takarda uku, ku rubuta Babba, Tsakiya, Ƙarama, ku sami aboki da akwatin ashana. Ku sa shi ya riƙa zubawa duk sa'ad da kuka yi shiru, ko me ya riƙe, ya kuma riƙa amsa zubinku da Tsakiya sau ɗaya cikin uku. Ku yi hannu ɗari kuna zubawa da Babba, ku yi wani ɗarin kuna shiru da ita, ku rubuta sakamakon. Sa'an nan ku lissafa a takarda abin da ya kamata ya fito, ku gwada da abin da ya fito ɗin. Kuhn ya nuna cewa ko kowa ya yi wasa ba kuskure, na farko yana asarar ashana ɗaya cikin kowane hannu 18 a kan matsakaici. Wanda ya iya nuna mini dalilin haka, ya same ni a ofis. Yanzu sai tambayoyi.